Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kyaftin Robertson da Farin Ƙyallensa

A makon jiya na tsaya da ku a tashar jirgin ƙasa ta Wool, a kudancin Ingila, inda motar soja ta ɗauke mu, ni da abokan tafiyata biyu, zuwa barikin Bovington domin kwas ɗin ƙananan hafsoshin tankokin yaƙi, a tsakiyar shekarun 1980. Niyyata ita ce in bi kwas ɗin daki-daki, daga darasin inji har zuwa harbin igwa a Lulworth, amma da na zauna rubutu sai na ga ba zan iya tsallake labarin wani mutum ba, wanda ban taɓa gani ba, wanda ya mutu tun kafin a haifi mahaifina, amma ya shiga aikina na soja ya zauna har ranar da na tuɓe kaki. Sunansa Clement Robertson, kyaftin ne a rundunar tankokin Birtaniya, kuma an kashe shi a ƙasar Beljiyam ranar 4 ga Oktoba, 1917.

Kuskurena ne ya haɗa ni da shi. A mako na uku aka fitar da mu atisaye a dajin da ke kewaye da barikin, wani fili mai gajerun ciyayi wanda samansa yashi ne, amma a wasu kwaruruka ƙarƙashinsa taɓo ne baƙi ƙirin. An ba ni tankar Scorpion, wadda na riga na saba da ita tun a Bauchi, ƙaramar tanka mai nauyin tan 8 da mutum uku a ciki, wadda sarƙarta ke bin lallausar ƙasa ba tare da ta nutse ba. Wannan sabon da na yi da ita shi ya ruɗe ni. Muka iso wani kwari, na duba taswira na ga hanya ta ratsa ta cikinsa, ina leƙe ta ƙofar saman tanka na ce wa direba ya ci gaba. Ba mu yi taku ashirin ba sai na ji gabanta ya sunkuya, inji na kuka, sarƙa na juyawa tana feso laka, cikin tankar kuwa ya zauna daram a kan taɓo. Sauran tankoki uku da ke bayana duk suka tsaya, atisayen ranar ya lalace saboda ni.

Malaminmu wani saje ne mai furfura a gefen kai, wanda ya fi shekara ashirin a aikin tanka. Bai ɗaga murya ba. Ya zo gefen tankar ya ce, "Yallaɓai, sauko." Na sauko. Ya miƙo mini wata sanda da yake riƙe da ita kullum, ya ce in koma bakin kwarin in sake shigowa da ƙafa, ina caka sandar a gabana. Taku na biyar sandar ta shige har rabi, ruwa ya cika mini takalmi. Ya bar ni na bi gefen kwarin ina caka ta, har na tarar da inda ƙasa ke da tsakuwa, tazarar da ba ta fi tsawon tanka uku ba daga inda na kafe. Sai ya ce, "Yallaɓai, wanda ya zana taswirar nan bai taɓa tsayuwa a nan da damina ba. Minti biyar ɗin da ka ƙi kashewa a ƙasa, yanzu ya ci mana awa uku." Da aka ja tankar aka fitar, ya ce in same shi ranar Asabar da hantsi a gidan adana tankoki da ke cikin barikin.

Gani ya kori ji. Na sha karanta labarin tankokin Yaƙin Duniya na Ɗaya a makaranta, amma ban san me ake nufi ba sai da sajen ya tsayar da ni a gaban wata tanka samfurin Mark IV, ya sa na cusa kaina ta ƙaramar ƙofarta. Akwati ne na ƙarfe mai nauyin kimanin tan 28, da injin Daimler mai ƙarfin doki 105 girke a tsakiyar ɗakin, babu wani shamaki tsakaninsa da mutum takwas da ke zaune kewaye da shi. A kan kyakkyawar ƙasa gudunta bai wuce kilomita 6 a awa ba, wato mai tafiya da sauri a ƙasa yana iya jerawa da ita. Mutum huɗu ne ke haɗuwa kafin ta juya, kwamanda da direba a gaba, da mutum biyu a baya masu canja giyar kowace sarƙa, kuma saboda ƙarar inji ba a jin magana, sai dai a buga sifana a jikin ƙarfe a yi nuni da yatsa. Zafi da hayaƙin inji kan sa mutane su suma. Tankoki masu ɗauke da igwa biyu a gefe ana kiransu maza, masu bindigogi masu jigida kawai ana kiransu mata. Idan ana son aika saƙo baya, tattabara ake saki ta wata kafa. Shi kansa sunan tanka daga tankin ruwa ya samo asali, domin lokacin da ake ƙera su a asirce an bar mutane su ɗauka tankunan ruwa ake yi, sunan kuma ya bi su har cikin Hausa.

Abin da sajen ya fi so in lura da shi shi ne kafar gani. Ya sa na ɗora idona a kan 'yar tsagar da direba ke leƙawa, wadda ba ta fi kaurin yatsa ba idan an rufe murfin gaba saboda harbi. Ya ce in ƙaddara dare ne, ana ruwa, hayaƙi ya tirniƙe, kamfas kuma ba ya faɗin gaskiya saboda ƙarfen da ya kewaye shi, sannan hanyar da zan bi ba ta fi faɗin tankar da komai ba, hagu taɓo, dama taɓo. Ya tambaye ni yadda zan yi. Na ce sai dai wani ya shiga gaba ya nuna hanya. Ya ce to, akwai wanda ya yi hakan, sai ya fara ba ni labarin Robertson, wanda daga baya na bi na ƙara karantawa a ɗakin karatun barikin.

An haife shi a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa ke aiki a matsayin hafsan rundunar igwa ta Birtaniya, amma a ƙasar Ayalan ya tashi, a wani ƙaramin gari mai suna Delgany da ke kudu da Dublin. Ya yi makarantar Haileybury a Ingila, sannan ya karanta aikin injiniya a kwalejin Trinity ta Dublin. Daga nan ya tafi Masar, ya yi shekaru yana aiki a hukumar ban ruwa ta kogin Nilu. Wannan ɓangaren na rayuwarsa shi ne wanda masu ba da labari kan wuce da sauri, ni kuwa a nan nake tsayawa, domin duk wanda ya yi aikin ban ruwa, ko da a Kadawa ne ko a fadamar garinsu, ya san cewa ƙasa ba ɗaya ba ce. Ya san wadda ke shan ruwa da wadda ke riƙe shi, ya san inda gaɓa za ta ɗauki nauyi da inda za ta zabtare, ya kuma san abin da ke faruwa idan aka toshe magudana. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 ya bar aikin ya koma gida, ya shiga soja a matsayin farabiti, daga baya aka ba shi muƙamin hafsa a rundunar Queen's Royal West Surrey. A farkon 1917 ya koma sabon sashen tankoki, wanda a lokacin bai ma sami sunansa ba, domin a ranar 15 ga Satumba, 1916 ne aka fara shigar da tanka fagen yaƙi, a Flers ta Faransa, kuma sai a ƙarshen Yulin 1917 aka raɗa wa rundunar suna Tank Corps. Ya yi yaƙin Messines a watan Yuni yana kwamandan tanka guda, inda harsashin igwa ya sami tankarsa, ya rasa mutum a cikinta, amma ya lallaɓa ya komo da ita. Zuwa ƙarshen Satumba yana riƙon muƙamin kyaftin, da tankoki huɗu a hannunsa, a bataliyar A.

Dole in bayyana irin ƙasar da aka tura shi, in ba haka ba abin da ya yi ba zai fito ba. Yankin da ke gabas da birnin Ypres na Beljiyam shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yumɓu, wadda ruwa ke kusa da samanta, kuma manoman wurin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tona lambatu da magudanai kafin ta nomu. Kafin Birtaniya ta fara farmakinta na ranar 31 ga Yuli, 1917, wanda duniya ta fi sani da yaƙin Passchendaele, ta yi kusan mako biyu tana ruwan igwa, ta harba harsasai fiye da miliyan 4. Wannan ruwan wuta ya farfasa magudanan nan kaf. Sai kuma sama ta ɓalle da ruwa tun daga ranar farko, watan Agusta ya zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ƙananan rafuka suka rasa hanyarsu, suka bazu suka zama fadama, kowane ramin da igwa ta haƙa ya cika ya zama kududdufi, har ta kai dakaru ba sa tafiya sai a kan katakan da aka shimfiɗa, wanda ya zame kuma da kayansa a baya sau da yawa ba a sake ganinsa. A irin wannan wuri aka ce akwatin ƙarfe mai tan 28 ya yi tafiya. Tankoki da dama suka kafe a kusa da hanyar Menin, igwar Jamus ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har sojoji suka riƙa kiran wurin maƙabartar tankoki, manyan hafsoshi da yawa kuma suka fara cewa wannan sabon makami ba shi da amfani.

Darasi guda aka samu, shi ne cewa tanka tana aiki idan ta tsaya a kan ragowar tsohuwar hanya, inda akwai dutse a ƙarƙashin laka. A ranar 19 ga Agusta wasu 'yan tankoki sun bi hanya kusa da St Julien suka karɓe tungayen kankare na Jamusawa da asara kaɗan. Matsalar ita ce hanyoyin sun ɓace wa ido. Janar Plumer na Birtaniya, wanda aka damƙa wa ragamar farmakin a ƙarshen watan Agusta, yana da dabarar cizo kaɗan a riƙe, wato a ci ƙasa 'yar kaɗan a ƙarƙashin inuwar igwa, a kafe, a jawo igwa gaba, a sake. Ya yi haka ranar 20 ga Satumba, ya sake ranar 26 a dajin Polygon, sannan aka sa ranar 4 ga Oktoba domin cizo na uku, wanda ake kira yaƙin Broodseinde. Aikin tankokin Robertson shi ne su taimaka wa dakaru a wajen ƙauyen Reutel, gabas da dajin Polygon, inda tungayen kankare da bindigogi masu jigida ke jiran duk wanda ya taso. Tsakaninsu da wurin akwai rafin Reutelbeek, wanda ya zama fadama, kuma mashiga guda ce tanka za ta iya bi ta haye.

Tun daga ranar 30 ga Satumba Robertson ya fara fita da ƙafa, shi da odilinsa, wani farabiti mai suna Cyril Allen. Suna ɗauke da naɗin farin ƙyalle mai kama da ɗamara, suna neman inda ƙasa ke da ƙarfi, suna shimfiɗa ƙyallen a kai domin direba ya gan shi da dare ta 'yar tsagar nan. Kwana uku da dararensu suna wannan aiki, kusan ba barci, a filin da igwar Jamus ba ta daina dukansa ba, inda kuma ake jefa hayaƙi mai guba. Idan harsashi ya faɗi ya tsinke ƙyallen, ko ya haƙa sabon rami a inda suka riga suka auna, sai su koma su sake. Na daɗe ina tunanin wannan aiki fiye da yadda nake tunanin safiyar da ya mutu. Jarumtar minti biyar, jini na tafasa, abokai na kallo, da yawa daga cikinmu za su iya. Amma mutum ya durƙusa cikin laka a dare na uku, ba mai ganinsa sai yaronsa, yana taɓa ƙasa da hannu yana lissafin ko za ta ɗauki tan 28, ya ga ba za ta ɗauka ba, ya naɗe ƙyallen da ya sha wahalar shimfiɗawa ya sake neman wata hanya, wannan haƙuri ne irin na mai sana'a, kuma ban ga hafsoshi da yawa masu shi ba.

A daren 3 ga wata ya jagoranci tankokin a kan ƙyallen zuwa inda za su tashi. Yanayi ya juya a daren, iska da yayyafi suka sauko bayan 'yan makonnin da aka samu na bushewa. Ƙarfe 6 na safe igwar Birtaniya ta buɗe wuta. Abin da ba su sani ba shi ne Jamusawa ma sun shirya nasu farmakin a wannan safiya, sun tara mutane a ramukan gaba, saboda haka wuta ta haɗu da wuta, filin ya zama abin da baki ba zai iya faɗa ba. Daga inda ƙyallen ya ƙare, gaba ƙasa ce da ba wanda ya auna, domin tana ƙarƙashin bindigar abokan gaba. A ƙa'ida, a nan aikin kwamandan sashe na tafiya a ƙasa ya ƙare. Robertson bai tsaya ba. Ya san idan tankar farko ta kauce wa mashigar da taku biyu ta kafe, ta toshe wa sauran, dakarun da aka yi wa alkawarin tankoki kuma za su tunkari kankare da ƙirjinsu. Sai ya shiga gaban tankar farko yana tafiya, yana nuna wa direba da hannu, Allen na tare da shi.

Ku tuna gudun tankar, ku tuna kuma cewa duk bindigar da ke filin tanka take nema, domin ita ce babbar aba mai motsi. Wanda ke tafiya a gabanta ba ya iya gudu, domin zai bar ta a baya, ba ya iya kwanciya, domin direba zai daina ganinsa. A tsaye yake, a hankali, har ya wuce gaban dakarun nasu. Haka ya kai su mashigar, ya haye da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora su a kan hanya mai ƙarfi a ɗaya gefen. Bayan sun kama hanyar da za ta kai su inda aka aike su ne harsashi ya same shi, ya faɗi. Tankokin suka ci gaba suka yi aikinsu. Bai kai shekara talatin ba. A watan Disamba aka ba da sanarwar ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, kuma shi ne na farko da ya same ta a rundunar tankoki. Takardar sanarwar ta ambaci cewa ya ja su cikin kulawa da haƙuri, alhali ba makawa ya san abin da yake yi zai ci ransa.

Mun yi gardama a kan wannan a ɗakin cin abincin hafsoshi, ni da wani ɗan kwas ɗinmu daga wata ƙasar Larabawa. Shi a ganinsa ganganci ne, domin kwamanda ba nasa ba ne shi kaɗai, idan ya mutu ya bar mutum talatin da biyu ba shugaba, kuma da ya tura saje ko kofur ya yi jagorar. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni kaina na hana ƙananan hafsoshi irin wannan fita a wasu lokuta, inda na ga neman suna ne kawai. Amma ban yarda da shi a kan Robertson ba, har yau kuma ban yarda ba. Ba wanda ya san wannan ƙasa kamarsa, domin shi ya taka ta kwana uku, kuma sanin da ke tafin ƙafa ba a miƙa wa wani a takarda da asuba. Da ya tura kofur, da ya tura shi ya mutu a kan aikin da ba zai iya ba, tankokin kuma su kafe. Tankokin nan ba su da rediyo, saboda haka da zarar an tashi, kwamandan sashe ba shi da wata hanyar ba da umarni sai jikinsa. Inda yake da amfani a wannan safiya shi ne gaban tankar farko, can kuma ya tsaya. Idan akwai laifi, yana wuyan waɗanda suka nace a yi yaƙin tanka a fadama, suka ci gaba da tura mutane har cikin Nuwamba, bayan ruwa ya dawo gadan-gadan, aka yi asarar ɗaruruwan dubbai a kowane ɓangare saboda 'yan kilomitoci.

Sajen ya ja hankalina ga wani abu da ban manta ba. Mutum huɗu ne suka sami Victoria Cross a rundunar tankoki a wannan yaƙi, dukkansu bayan sun mutu, kuma dukkansu a wajen tanka ajali ya same su. Richard Wain ya fita daga tankarsa da aka fasa a Cambrai ta Faransa, da rauni a jikinsa, ya tunkari tungar abokan gaba da bindiga. Cecil Sewell ya sauka daga tasa a watan Agustan 1918 domin ya tono ƙofar wata tankar da ta kife cikin rami ta kama wuta, ya fitar da mutanenta. Richard West a kan doki yake, yana kai da komowa a gaban dakaru yana tsayar da su, a farkon Satumban 1918. Shi kuwa Cyril Allen, wanda ya taka duk inda maigidansa ya taka, an ba shi lambar da ke ƙasa da waccan, wadda ake ba wa waɗanda ba hafsoshi ba, kuma bai yi mako bakwai a duniya bayan Robertson ba. An kashe shi ranar 20 ga Nuwamba, 1917, ranar farko ta yaƙin Cambrai, inda aka tara tankoki fiye da 400 a kan busasshiyar ƙasa mai ƙarfi, suka keta layin Jamusawa cikin sa'o'i, suka nuna cewa laifin ba na makamin ba ne.

Kusa da ƙarshen kwas aka kai mu Beljiyam domin mu ga filayen da idonmu. Na roƙi a tsaya a Reutelbeek. Abin da na tarar ya girgiza ni fiye da duk abin da na karanta, domin rafin ɗan siriri ne, yana bin gefen gonaki a natse, matashi zai iya tsallake shi da tsalle guda. Shanu na kiwo a gefe, manomi na wucewa da tarakta. Na sauka gaɓar na danna dugadugina a ƙasa, duk da ba a yi ruwa ba kwana biyu, sai da yumɓun ya kama takalmina ya riƙe. Na tsaya ina auna tazarar da ido, daga bakin dajin Polygon zuwa inda nake, na ga tafiyar da ba ta fi ta zuwa masallacin unguwa ba, na kuma lissafa minti nawa za ta ɗauki mutumin da ke jiran akwatin ƙarfe a bayansa.

Daga nan muka je maƙabartar Oxford Road, arewa maso gabas da Ypres, inda dutsen kabarinsa yake a jere da na sauran, fari, da hoton lambarsa sassaƙe a jiki, ciyawa a gyare kamar an share ta da safe. Ina tsaye sai wani tunani ya zo mini wanda ban shirya masa ba. A cikin wannan wata na Oktoban 1917, kwana goma sha ɗaya bayan mutuwar Robertson, sojojin Najeriya suna can Mahiwa, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, suna gwabzawa da dakarun Jamus da kwamandansu Lettow-Vorbeck, a ƙarƙashin tuta ɗaya da shi, aka kuma kashe su da yawa. Akasarinsu mutanen Arewa ne, da Hausa ake ba su umarni. Ƙanin kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa wancan yaƙi, bai dawo ba, kuma iyakar abin da gidanmu ya samu shi ne labarin da wani abokin tafiyarsa ya kawo da baki. Ba shi da dutse, ba mu san inda ya kwanta ba. Wannan bai rage mini girman Robertson ba ko kaɗan, amma ya sa na daɗe a wurin fiye da sauran, har direban motar ya yi ham sau biyu. Na gyara tsayuwa, na sara masa irin ta soja, na juya.

Da yamma muka tsaya a ƙofar Menin da ke birnin Ypres, inda aka rubuta sunayen sojoji fiye da 54,000 da ba a ga gawarsu ba, aka busa begila ƙarfe 8 kamar yadda ake yi kowane dare. Sajen yana gefena, bai ce komai ba sai da muka koma mota, inda ya zaro sandar nan daga ƙarƙashin kujera ya ɗora mini a cinya, ya ce shi ya kusa ritaya, ni kuwa yanzu na fara. Na zo da ita Bauchi a cikin jakar kayana, kuma ita ce a hannuna bayan 'yan shekaru a Laberiya, ranar da muka iso wata gadar katako da tankoki uku a bayana, labarin da zan kawo idan muka kai wurin. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan harbin igwa a Lulworth da jarrabawar ƙarshen kwas.